Tubkal a watan Maris: hawa da ƙafa, saukowa da zamiya

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan farin dutsen da kuke gani a ƙasar Maroko yake, kudu da birnin Marakesh. Sunansa Tubkal, tsayinsa mita 4,167, babu wanda ya kai shi a duk Arewacin Afirka. A watannin Maris da Afrilu, idan hunturu ya fara sassautawa, akwai masu hawansa da ƙafa, su sauko suna zamiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen katakai biyu ɗaure a ƙafafunsu. Babu injin da ke kai kowa sama. Iya abin da ƙafarka ta hau, shi za ka zamo.

Daga ƙauyen Imlil ake tashi. Alfadarai su ɗauki kaya, a wuce hubbaren Sidi Shamharush, har inda dusa ta rufe hanya. Nan alfadari zai juya, kaya su koma bayan mutane, sai masaukin da ke wajen mita 3,200. A yanzu hukuma ba ta barin baƙo ya hau sai da jagora.

To, yaya ake hawa tudu da katakon da aka ƙera don santsi? Ku dubi ƙarƙashinsa. An manna masa wani dogon ƙyalle mai gashi, na akuyar Angora ko na roba, gashin duk ya kwanta ya nufi baya. Ka tura ƙafa gaba, ya sulale. Ka danna, gashin ya miƙe ya cafke dusar. Diddige kuma a sake yake, sai an kai sama a ɓare ƙyallen, a kulle takalmin gam.

Amma babban aikin na agogo ne. Da dare sanyi kan daskarar da dusar ta yi tauri, shi ya sa ake fita tun kafin asuba, da tocila a goshi, wani wurin ma sai an ɗaura ƙarafa masu haƙora a takalmi. Rana na fitowa, sai saman ya fara laushi, ya zama ƙwayoyi kamar tsakin masara, ƙasan kuwa yana nan da ƙarfinsa. Wannan ake nema, kuma a ganina ya cancanci duk wahalar. Sai dai ba ya daɗewa. Wanda ya yi gaggawa zai tarar da ƙanƙara mai santsi, in ya faɗi da ƙyar ya tsaya. Wanda ya makara kuwa, ruwa ya riga ya ratsa dusar, ta yi nauyi, tana iya ɓallewa ta zaftaro da shi. Gangaren da ke fuskantar gabas shi ke fara narkewa. In kuma an kwana da hadari dusar ba ta daskare ba, gara a haƙura da ranar.

Zaftarewa ta fi aukuwa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wato daidai wanda ya fi daɗin zamiya. Don haka kowa na rataye da na'ura mai aika sigina a jikinsa don a gano inda yake in dusa ta binne shi, ga shebur da doguwar sandar lalube a jaka. Wanda dusa ta binne, in ba a tono shi cikin kusan minti 15 ba, numfashi ya fara gagararsa. Taimako daga gari ba zai iso a wannan lokaci ba. Abokan tafiya ne za su tono shi.

Shi ya sa tun da dare ake yanke lokacin juyowa. Jagora zai damƙi dusa ya matse a hannu. In ta tsiyayo da ruwa, ko takalmi ya nutse ya wuce idon sahu, sai a juya, ko da ana hango dalar ƙarfen da aka kafa a ƙololuwa.