Wasan Diplomacy a intanet: baki ke ci ko taswira?

Habu: Jama'a barkanmu da war haka. Yau Ludo zai huta, Diplomacy za mu taɓa, wasan yaƙi a kan taswira da ake bugawa a shafukan webDiplomacy da Backstabbr. Yaya Sani, fara mana.

Sani: Mutum bakwai ne, kowa da ƙasarsa a Turai ta 1901, shekarar da wasan ke farawa ana tafiya shekara bayan shekara: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya, Rasha da Turkiyya. Cibiyoyi 34 ne a taswirar, wato yankunan da ake takarar kamewa, wanda ya kame 18 ya ci. Wasan ba ruwansa da sa'a. Rundunar kowa ƙarfinta ɗaya, ba ka ture wani sai an mara maka baya. Kowa ya rubuta umarninsa a ɓoye, a buɗe lokaci guda.

Maryam: Wasan mayaudara ke nan. Ka yi wa mutum daɗin baki a saƙo, ka ce "ni da kai har ƙarshe", ya juya baya ka soke shi.

Sani: Haka sabon shiga ke ɗauka, ƙanwata. Yana yaudara tun 1902 saboda cibiya ɗaya tak, daga nan babu mai sake yarda da shi, kuma saura shekaru masu yawa a wasan.

Maryam: To a daina ƙarya ke nan?

Sani: A'a. A adana ta sai ranar da za ta kawo cibiya uku, ta bar mutum ba ƙarfin ramawa. Ni kafin in karanta saƙon mutum, taswira nake dubawa. Misali ina riƙe da Ostiriya: cibiyar Italiya ta Venice da cibiyata ta Trieste suna manne da juna. Ko Italiya ta rantse mini, idan na ga ta kai runduna Tyrolia, yankina da ke gefen Trieste, na san inda aka dosa.

Habu: Wannan ya tuno mini da CICERO, manhajar da kamfanin Meta ya fitar a 2022. Ta buga wasa 40 da mutane a webDiplomacy, ta shiga cikin kashi 10 na sama a waɗanda suka buga fiye da sau ɗaya. Tsara motsinta take fara yi, sannan ta gina magana a kai.

Maryam: Malam Habu, kar ka wanke ta tas. A 2024 masu bincike sun nuna ita ma ta saɓa alkawari, ta yaudari abokan ƙawance.

Habu: Gaskiyarki.

Maryam: Kuma Yaya, taswira ba ta nuna fushi. Wanda ka ci amanarsa zai iya zubar da nasa wasan, ya miƙa wa wani cibiyoyinsa don kawai ka faɗi. Wane lissafi zai gaya maka wannan?

Sani: Babu, nan kam sai ka san halin mutumin. Shi ya sa ko na soki mutum ba na daina tura masa saƙo.

Maryam: Ni dai ka soke ni, ba zan amsa ba.

Habu: To ku je ku buga gunboat, wanda ba a magana ko kaɗan, mu ga wa zai kai 1905.