Wa ya fi surka Turanci da Hausa, mace ko namiji?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna jina? To madalla. Mai gabatarwa ya ba ni minti arba'in, ya kuma ce kada in wuce la'asar. Abubuwa uku zan taɓo, in Allah ya yarda.

Kafin nan, da na shigo harabar nan ɗazu na ji wata ɗaliba tana waya, tana cewa, "Wallahi I'm so tired, tun safe muke lecture." Na ce a raina, to ga laccar tawa an riga an yi mini rabi. (Dariya) Wannan shi ne Ingausa. Ƴan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma suna da tasu, sai dai da Faransanci suke surkawa. In ka tambayi maza wa ya fi yin haka, sai su ce mata, don iyayi. In ka tambayi mata, sai su ce maza, don burga.

Abu na farko, bari in kai ku Turai, wani ƙaramin gari da ake kira Oberwart a gabashin Ostiriya. Ina son labarin garin nan, ɗalibaina sun gaji da jin sa. Mutanen garin asalinsu harshen Hangari suke yi, amma a 1921 yankin ya faɗa cikin Ostiriya, inda Jamusanci ne harshen gwamnati da makaranta da aikin albashi. Harshen Hangari ya zama na gona da shanu, Jamusanci ya zama na ma'aikata. Wata mai bincike, Susan Gal, ta zauna da su, ta fitar da bincikenta a 1978. Me ta tarar? Ƴanmata sun fi samari saurin komawa Jamusanci, har da waɗanda iyayensu manoma ne.

To me ya sa? Nan ne wurin. Ba wai harshen mace ya fi laushi ba, a'a. Yarinya ta duba uwarta, matar manomi: tana gona da rana, tana dabbobi da asuba, ga girki, ga wanki, ga uwar miji a gida ɗaya. In kuɗi suka samu, injin noma za a fara saya, kayan da za su rage wa mace wahala sai daga baya. Ta duba matar ma'aikaci, ta ga bambanci. Sai ta ce ita ba za ta auri manomi ba. Shi saurayin gona gadonsa ce, martabarsa ce, yana da abin da zai riƙe a harshen Hangari. Ita kuwa me za ta gada a ciki? Wahala. Kun gane? Me za ta gada? Wahala.

Ƙarshenta samari manoma suka rasa matan aure a garinsu. Alhaji da ke gaba yana dariya, Allah dai ya sa ba manomi ba ne. (Dariya) Suka riƙa auro mata daga ƙauyukan da Jamusanci kaɗai ake yi, ƴaƴan kuma suka tashi da harshen uwarsu, wato Jamusanci. Su da suka fi riƙe harshen, a gidajensu ya fara sulalewa. Kullum na karanta wannan sai na yi shiru.

Na biyu, da sauri. A 1980 Shana Poplack ta yi nazarin mutanen Puerto Rico da ke New York, masu Sifaniyanci da Turanci. Ta ga surki a tsakiyar jimla sai wanda ya ƙware a harsunan biyu, kuma mata sun fi yin irinsa. Don haka mai ce wa ɗalibar can ba ta iya Hausa ba ne, ya sake tunani. Amma kada ku ɗauka doka ce. An duba Girkawan Saifurus da ke Landan da masu jin Fanjabi a Birmingham, ba a samu wani tsayayyen bambanci tsakanin maza da mata ba. Kowane gari da nasa lissafin.

Na huɗu... au, na uku ke nan ko? Na gode. Mu nan gida, abin da nake gani da idona: namiji in ya juya harshe, sau da yawa kujera yake nema. A taron unguwa gardama ta yi zafi, sai ka ji ya jefo Larabci, "ala kulli halin", ko ya koma Turancin ofis, kowa ya yi tsit. Ni kaina ina yi, uwargida shaida ce. Akwai hannu a can. Bismillah, ƴata.

Tambaya: Malam, ni a asibiti nake aiki. Mata masu ilimi in za su faɗa mini matsalar al'ada ko ta auratayya, da Turanci suke faɗa, sai sun gama su dawo Hausa. Wannan ma iyayi ne?

A'a, Allah ya yi miki albarka, wannan kunya ce. Macen da aka tarbiyyantar ba ta kiran sunan miji, sai Malam ko Alhaji ko maigida, ba ta kiran sunan ɗan fari, ita za ki ce ta buɗe baki ta ambaci wannan da Hausa tsantsa? Kalmar Hausa tana da nauyi a bakinta, don da ita aka yi mata faɗa tana yarinya. Ta Turanci a aji ta koye ta, babu kakarta a ciki. Mayafi ce. Haka amarya za ta iya rubuta wa ango "I miss you" a waya, amma "na yi kewarka" sai ta goge sau uku.

Sai dai ni tambayarki ta tuno mini da wata macen, wadda ba ta yi boko ba, ba ta da Turancin da za ta fake. Ita yaya take gaya miki?

Mai tambaya: Cewa take yi, "Ciki ne ke damuna," sai ta sunkuyar da kai. Wani lokaci sai mun yi minti goma kafin in gano ba cikin ba ne.

Minti goma, ga layi a waje. To an kira salla, mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo. Ki same ni bayan la'asar, ina son in ji sauran kalmomin da suke amfani da su.