Abin da ke fasa bututun injin ƙafar da ruwa, da yadda ake tare shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa injiniyoyi da masu kula da injuna a masana'antun Legas, daga matatun sukari na Apapa har zuwa kamfanonin madara da na lemo a Ikeja da Ilupeju.

Ku dubi cikin injin ƙafar da ruwa, wanda ake kira ebaforeta. Ɗaruruwan bututai ne a jere, an kafa bakunansu a cikin faranti biyu, na sama da na ƙasa. Ruwan sukari ko madara na bi ta cikin bututu, tururi na zagaye shi ta waje. Abin da ya raba su bango ne da kaurinsa bai wuce milimita 1.2 zuwa 1.6 ba a yawancin injunan sukari. Idan wannan bango ya hude, sukari zai shiga ruwan tururin da ke komawa boila, wato tukunyar da ke samar da tururi, zafi ya mayar da shi asid, ya sa kumfa, matsalar bututu ɗaya ta zama ta masana'anta gaba ɗaya.

A Legas, wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne ruwa. Rijiyoyin burtsatse da ke kusa da teku da lagun sukan ɗauko zartsi, kuma sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri shi ne babban abokin gabar ƙarfen sitenles, wato ƙarfe mara tsatsa da ake yin bututun da shi. Ƙa'idar da aka saba da ita: nau'in sitenles mai lamba 304 na jure kuloraid kamar kashi 200 cikin miliyan, 316 kuma kamar kashi 1000, amma fa a ruwan da ba shi da zafi. Aikin wannan injin kuwa ƙafar da ruwa ne. Idan kashi uku cikin huɗu na ruwan ya tashi, gishirin da ya rage ya ninka sau huɗu. Da zarar zafi ya haura digiri 60 a ma'aunin Celsius, ga kuloraid, ga ƙarfen yana a takure, sai tsaga masu rassa su fara ratsa bangon. Ido ba ya ganinsu sai ranar da ruwa ya fara tsattsafowa. Galibi suna fitowa ne dab da bakin faranti, inda aka buɗa bakin bututun da injin murzawa don ya kama faranti, domin nan ne ƙarfen ya fi takura.

Sai dattin da ke ƙanƙarewa a bangon ciki kamar ƙanzo a gindin tukunya: gishirin kalsiyam iri-iri da silika. Kowa ya san yana hana zafi wucewa. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarƙashinsa iska ba ta shiga, kuloraid na taruwa a wurin, ya haƙa ƙananan ramuka kamar hujin allura. Sannan mai aiki ya ga injin ya yi sanyi, ya ƙara buɗe bawul ɗin tururi, bangon ya ƙara zafi, ramin ya ƙara sauri.

Wankin ma yana kashe bututu, kuma wannan ya fi ciwo domin da hannunmu ake yi. Kada a kusanto da asid na haidirokulorik kusa da sitenles, komai arharsa a kasuwa, kuloraid ne zalla. A fara dafa ruwan soda mai ƙarfi a ciki don ya tausasa dattin, a ɗauraye, sannan a bi da asid na sulfamik ko na fomik wanda aka haɗa da maganin kare ƙarfe, a sake ɗaurayewa har sai gwajin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya dawo kusa da 7. Masu kankare dattin da injin juyawa kuma su riƙa tafiya da shi ba tsayawa. Inda aka bar kan injin yana juyi wuri ɗaya, nan bangon zai sirance.

Ta ɓangaren tururi, ku lura da layin bututai na farko da ke fuskantar mashigar tururi. Idan tururin ya zo da ɗigon ruwa, yana zaizaye su ta gefe ɗaya. Maganinsa farantin kariya a mashiga, da tarkon ruwa mai aiki a layin, wato na'urar da ke fitar da ruwa daga fayif ɗin tururi. Idan kun ji bugun guduma a cikin fayif, ruwa ne ya kwanta. Haka nan iskar da ba ta komawa ruwa, irin su kabon dayoksaid da amoniya, dole a bar mata mafita a buɗe. A tsofaffin injuna masu bututun tagulla, amoniya kan tsaga su.

Ɗauke wuta na da nasa rabon. Famfo ya tsaya, tururi bai tsaya ba, bututun ya bushe ya gasu, wuta ta dawo a watsa masa ruwa mai sanyi. Maimaita haka yana sassauta bakin bututu daga faranti. A haɗa bawul ɗin tururi da famfo ta yadda tsayawar famfo za ta rufe shi nan take, kuma a ɗumama injin sannu a hankali kafin a koma aiki. A injunan da ruwa ke gangarowa daga sama, toshewar rami ɗaya a farantin rabon ruwa ta isa ta busar da bututun da ke ƙarƙashinsa.

Don a gane da wuri, a sa na'urar auna gishirin ruwa a layin ruwan tururi, masu sukari kuma su riƙa gwajin alfa-naftol, sinadarin da ke nuna ko akwai sukari a ruwan, a kowane shif, idan zobe mai launin shanshanbale ya fito akwai yoyo. Lokacin babban gyara a zura na'urar edi-karent, mai auna kaurin bango da wutar lantarki, cikin kowane bututu, a rubuta kaurinsa a taswirar faranti. Wanda ya rasa kashi 40 cikin 100 na bangonsa, an saba toshe shi. A huda shi tukuna, don kada ruwan da ya makale a ciki ya tafasa ya harbo toshiyar. Idan toshe-toshen ya kai kashi 10 cikin 100 na bututai, lokacin sauyi ya yi.

Amma don Allah kafin a toshe a zaro ko guda ɗaya a tsaga shi a duba. Wurin da ya lalace shi ke faɗin dalili: tsaga a bakin faranti, kuloraid ne ko murzawar da ta wuce kima, domin bai kamata ta rage bangon fiye da kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ba. Ramuka a ciki, datti ne. Zaizaya ta waje, tururi ne. Idan kuloraid ne, sayen wani bututun 304 asara ce, a koma nau'o'in sitenles da suka fi jure masa, wato dufleks 2205 ko sitenles 439.

Ruwan gwajin matsi kuma, wanda ake cika injin da shi don neman yoyo, kada kuloraid ɗinsa ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Ana gamawa a zubar da shi duka, a busar da injin da iska, kada a bar shi kwance a ciki ana jiran ranar fara aiki.