Gaɓar Tekun Amalfi a Farkon Kaka

Gaɓar tekun Amalfi tana kudu da birnin Napoli a ƙasar Italiya, inda duwatsu suke gangarowa kai tsaye cikin teku, gidaje kuma suna manne a jikinsu, wani bisa wani. Tun 1997 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Yawancin baƙi a Yuli da Agusta suke tururuwa, amma wanda yake da zaɓi, gara ya dakata sai ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Dalili kuwa shi ne, teku ba ya saurin sakin zafin da ya kwasa, saboda haka ko da iska ta fara sanyi, ruwan yana nan da ɗuminsa, sama da digiri 20, ga kuma cunkoso ya ragu.

Maganar cunkoso ba ƙarama ba ce a nan, domin hanya guda ce tak ta ratsa gaɓar, mai tsawon kusan kilomita 50, wadda aka sassaƙa a jikin dutse a ƙarni na 19, kuma ƙuncinta ya kai sai direban bas ya danna oda kafin ya sha kowace kwana. Shi ya sa muke ganin jirgin ruwa ya fi, wanda ke zirga-zirga tsakanin garuruwan Salerno, Amalfi da Positano, sai dai a kula, yawancin jiragen kan daina aiki da ƙarewar Oktoba.

Akwai kuma gonakin lemun tsami a yankin. An yanka dutsen hawa-hawa, an tokare kowane hawa da katanga, an yi wa bishiyoyin rumfar sanduna, kuma har yau a gadon baya ake sauko da kwandunan lemun ta ɗaruruwan matakala, tunda mota ba ta isa wurin.

Shi kansa garin Amalfi ya cancanci a ba shi yini guda. Shekaru dubu da suka wuce, fatakensa suna kasuwanci da Masar da sauran tasoshin Arewacin Afirka, kuma daga Larabawa sana'ar yin takarda da tsummokara ta iso musu. Tsohuwar masana'antar tana can a kwarin da ke bayan gari, an mayar da ita gidan tarihi, inda ake tsoma rariya cikin ruwa a gaban baƙo a ciro masa falle guda, jiƙe sharkaf.