Rage ma'aikata a cibiyoyin binciken gwamnati: asarar da ba ta fitowa a kasafin kuɗi

A shekarar 2009, hukumar GAO, wadda ke bin diddigin yadda gwamnatin Amurka ke kashe kuɗi, ta fitar da wani rahoto mai ɗaure kai. Ƙasar da ta fara ƙera bam ɗin nukiliya a duniya ta manta yadda ake haɗa wani sinadari da ke cikin makamanta. Sunan sirrin sinadarin Fogbank. An yi ta haɗa shi a shekarun 1970 da 1980, daga baya aka rufe masana'antar. Da aka tashi sabunta makaman, sai aka tarar bayanan da aka rubuta 'yan kaɗan ne, kuma kusan duk waɗanda suka iya aikin sun yi ritaya ko sun kama gabansu.

Sai da aka ci shekaru, aka zuba miliyoyin daloli, kafin a sake gano bakin zaren. Kun san abin da ya riƙa hana aikin yin kyau? Tsohuwar hanyar haɗin tana barin wani ɗan gurɓi a cikin sinadarin, sabuwar hanyar kuwa ta tace shi tas. Ashe ingancin na tare da wannan gurɓin, kuma babu takardar da ta faɗi haka.

Wannan labari shi ne ya kamata ya faɗo mana a rai duk lokacin da muka ji gwamnati za ta rage ma'aikata a cibiyoyin bincikenta. Gini yana nan, na'urori suna nan, amma babban rabon ilimin yana cikin kawuna da hannayen mutane.

A Amurka kaɗai, Ma'aikatar Makamashi na da manyan cibiyoyin bincike 17. Wasunsu, irin su Los Alamos da Oak Ridge, an kafa su ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin aikin bam. Muddin ana Yaƙin Cacar Baka, ba wanda ya tsaya tambayar amfaninsu. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, sai tambayar ta taso: yanzu kuma aikin me za su yi? A 1993 majalisar dokokin ƙasar ta soke aikin gina wata katafariyar na'urar binciken ƙwayoyin zarra a jihar Texas, bayan an kashe kusan dala biliyan 2, an kuma haƙa rami mai tsawon kilomita fiye da 20. Ƙwayar Higgs, wata mitsitsiyar ƙwaya da masana kimiyya suka daɗe suna hasashen samuwarta, wadda ke cikin abubuwan da aka so nema da na'urar, a cibiyar CERN ta Turai aka gano ta a 2012.

Masu son a rage suna da tasu hujjar, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Cibiya kan tsufa, ta cika da ofisoshi da takardu. Kwamitin Galvin da ya binciki cibiyoyin Amurka a 1995 ya koka da yadda sa-idon Ma'aikatar Makamashi ya yi musu katutu, yana cin lokaci da kuɗi. To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Matsalar ita ce a mafi yawan lokuta ba a tsayawa a tantance wane aiki ne ya gama amfani. Adadi ake yankewa daga sama, a ce a cike shi.

Ku duba yadda ake cike adadin. Idan aka ce duk mai son ajiye aiki ya karɓi kuɗin sallama, wa zai fara tafiya? Ƙwararren da ya san kamfanoni na rububinsa. Idan kuma aka fara da sababbin ɗauka, tunda su ne suka fi sauƙin kora, an datse waɗanda za su gaji ilimin ke nan.

Wani zai ce ai kamfanoni za su ɗauki nauyin. Wani sashe dai. Kamfani na neman abin da zai dawo da riba cikin 'yan shekaru, kuma akwai ayyukan da ba su da mai saye. Tun 1958 ake auna yawan iskar kabon a tsaunin Mauna Loa na Hawaii, kuma darajar wannan awon tana cikin ɗorewarsa ne: shekarar da aka tsallake ba ta sake aunuwa. A Kanada, gwamnati ta sanar a 2012 cewa za ta janye daga cibiyar binciken tafkuna ta lardin Ontario, inda aka tabbatar cewa sinadarin fosforas ne ke sa gansakuka mamaye ruwa. Da kyar aka cece ta, wata cibiya mai zaman kanta ta karɓe ta a 2014. A Birtaniya kuwa, an rufe hukumar gwamnati mai binciken shaidun laifuka ta hanyar kimiyya a 2012, saboda asarar kuɗin da take yi. A 2019 wani kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar ya bayyana cewa fannin ya shiga mawuyacin hali a Ingila da Wales. Nan ana maganar shaidar da za ta ɗaure mutum ko ta wanke shi ne a kotu.

Abin bai tsaya a tarihi ba. A watan Maris na 2025, Ma'aikatar Lafiya ta Amurka ta sanar da rage ma'aikata 10,000, ciki har da na hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC da cibiyoyin binciken lafiya na NIH. Kuma rashin tabbas kansa yana ɓarna tun kafin takardar sallama ta iso. Mai binciken da bai san ko aikinsa zai kai baɗi ba, ba zai fara gwajin shekara goma ba. Ɗalibar da ta kammala digirin digirgir za ta nemi inda za ta iya kafa iyali da kwanciyar hankali. Sauran ƙasashe kuwa sun baza kunne: a watan Mayu na 2025 Tarayyar Turai ta sanar da ware Yuro miliyan 500 domin jawo masu bincike daga ƙetare zuwa cibiyoyinta.