Ƙwan Yundum: kajin da suka cinye dukiyar Ingila a Gambiya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau za mu leƙa Gambiya, 'yar siririyar ƙasar nan da ke kwance a bakin kogi, Senegal ta kewaye ta, wadda Ingila ta mulka har 1965.

Bayan yaƙin duniya na biyu, abinci ya yi wuya a Ingila, har ƙwai ma rabonsa ake yi da kati. A 1948 gwamnatin Landan ta kafa hukumar raya ƙasashen mulkin mallaka, CDC, ƙarƙashin Lord Trefgarne. Cikin ayyukanta na farko akwai katafariyar gonar kaji a Yundum, kusa da Bathurst, wato Banjul ta yau. An yi alkawarin ƙwai miliyan 20 a shekara da naman kaji mai yawa, duk a loda a jirgin ruwa zuwa Ingila. Aka ɗauko wani Ba'amurke ya shugabanci aikin, aka sare daji kimanin eka 10,000 don noma abincin kajin.

A nan gizo ke saƙa. Lissafin gaba ɗaya ya rataya ne a kan cewa gonar za ta ciyar da kajin da kanta. Amma ba a tsaya an gwada ƙasar a ƙaramin fili an ga abin da za ta bayar ba. Hatsi bai yi ba, dole aka koma sayo abinci da tsada. Kafin a farfaɗo, cuta ta shiga akurki ta kashe kaji dubbai. A 1951 aka naɗe tabarma, bayan an narkar da fiye da fam 800,000. Ƙwan da ya isa Ingila bai cika 40,000 ba. In ka raba kuɗin, kowane ƙwai ya tashi a kan fam 20 da ɗoriya. Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Su waɗannan ba ƙwan, ba kazar.

'Yan majalisa a Landan sun yi ta surutu, amma kukan kuɗinsu suke yi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne manomin Gambiya, mai noman gyaɗar da ke riƙe da ƙasar. Ba don tukunyarsa aka tsara aikin ba, ba a kuma nemi shawararsa ba, alhali shi ya san halin ƙasar da damina. An kira abin raya Gambiya, amma karin kumallon mutanen Ingila ake nema.

Mu ma nan gida ba mu tsira ba. Hukumar nan ce ta shiga shirin noma na Mokwa, a jihar Neja ta yau, a 1949, da taraktoci da ƙauyukan da aka zana a takarda. Zuwa 1954 ta janye hannu da asara.

Yundum kuwa, yau sunan filin jirgin sama ne. Matafiyi da ya sauka Banjul a nan yake taka ƙasa.