Ta Gama Wa'adinta, Wa Zai Kai Mata Ɗinki?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Makon jiya wata baiwar Allah ta same mu da kuka. Ta fito daga gidan yari a nan Sakkwato da sana'ar ɗinki a hannunta, yayanta ya yi ƙoƙari ya saya mata tsohon keke. Yau wata huɗu, ko ɗankwali ba a kawo mata ba. Ta je shiga adashin unguwa, uwar adashi ta ce an cika. Mijin kuwa tun tana ciki ya aika mata da takardarta.

Tun 2019 doka ta ce gidan gyaran hali za a riƙa kiran wurin. To, an gyara ta, an sako ta. Wa zai kai mata ɗinki?

Namiji in ya fito, sai ya samu babur ya shiga kabu-kabu, ko ya tafi ci-rani Legas ko Ibadan inda ba wanda ya san shi. Mace fa? Sana'arta a cikin gida take: ɗinki, kitso, lalle, ƙuli-ƙuli, suyar awara. Masu sayenta su ne maƙwabtan da suka ga ranar da aka tafi da ita. In suka hana 'ya'yansu zuwa ƙofarta, kasuwarta ta watse ke nan, ko da keke goma aka ba ta.

Na san za a ce mai hali ba ya fasa halinsa. Haba jama'a! Mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a ma kama su da laifi ba. Wata rikicin bashi ne ya kai ta, wata tara ce ta kasa biya. Wadda ta yi laifin ma, alƙali ya ce wata shida, ta yi. Wa ya ba mu hurumin mayar da shi ɗaurin rai da rai? Ba na cewa duk wadda ta fito ta shiryu. Amma mace da yara uku, ba miji, ba mai saye, ina muke so ta nufa?

Rabon kekuna a gaban kyamara ba zai wadatar ba. Aiki za a ba su. Ma'aikatar mata ta ware musu kaso a ɗinkin kayan makaranta. Hukumar Zakka da Wakafi ta ba su jari, ta kuma riƙa bibiyarsu. Mai unguwa da liman su tsaya wa mace a gaban uwar adashi. A garin da Nana Asma'u ta riƙa tura jajis, wato malamai mata da ta horar, suna bin mata har ɗakunansu da ilimi, malaman Islamiyya mata ba su da uzurin ƙauracewa ƙofar wannan baiwar Allah.

Hajiya, ke da kike saurare da atamfa a ajiye, ɗinkin Sallar bana ki kai mata.